Dinyar Teku da Ƙarninta: Nazari kan Girkin Maharban Amurka

A gaɓar Tekun Atlantika, musamman jihar New Jersey da tsibirin Long Island, akwai wata ƙaramar dinya mai baƙin wuya da ake kira brant. Can ƙuryar arewa take ƙyanƙyasa, sanyi ya koro ta kudu. Nauyinta bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, amma namanta ya yi ƙaurin suna wajen ƙarni, har wasu maharba sukan bar ta ta wuce.

Da ba haka take ba. A ƙarni na 19 tsuntsuwa ce mai daraja a kasuwannin gabashin Amurka, domin abincinta wata doguwar ciyawa ce da ke tsirowa a ruwan gishiri mara zurfi. Daga 1931 wata cuta ta cinye mafi yawan ciyawar nan. Dinyoyi suka mutu da yawa, aka rufe farautarsu na tsawon shekaru, waɗanda suka tsira kuma suka koma cin wani koren gansakuka na teku. Daga nan ɗanɗanon ya lalace. 'Yar'uwarta ta gaɓar Fasifik, wadda ke yada zango a Izembek ta Alaska kafin ta gangara Meziko, har yau ciyawar take ci, kuma maharba na yabon namanta.

To, me masu girki suke yi? Sun rabu biyu. Wasu sukan dulmiya naman cikin kayan yaji da tafarnuwa, ko su niƙa shi da kitsen wata dabba, ko su shanya shi kamar kilishi. Ana cin sa, amma a ganina an binne matsalar ne kawai, kuma tsuntsuwar ta ɓace a cikin yajin.

Hanya ta biyu ita ta fi nuna sanin nama. Ƙarnin a kitse da fata yake zaune, don haka ba a fige ta, feɗe ta ake yi tun da ɗuminta, a kankare duk wani kitse, a yanke inda harsashi ya tara jini. Sai tsokar ƙirji ta kwana a ruwan gishiri mai sanyi, wasu kuma a nono. Wajen gashi, wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci ta isa, a sauke cikinsa da sauran ja, domin idan ya dahu luguf sai ya ɗauko ɗanɗanon hanta. Cinyoyi kuwa akasin haka, su ne masu son doguwar dahuwa a romo.

Abin da ke damuna shi ne maharbin da zai harbe ta don nishaɗi, ya dawo yana cewa ba ta ciwuwa. Rai ne aka ɗauka. Wanda ba zai iya zama ya feɗe ta ya gyara ba, bai kamata ya ɗaga mata bindiga ba.