Littattafan José Rizal Biyu

Littattafan hikaya biyu José Rizal ya bar wa mutanen Filifin, watau Noli Me Tangere na 1887 da El Filibusterismo na 1891. A na fari Ibarra ya nemi gyara ta gina makaranta, limaman coci suka ɓata nufinsa. A na biyu ya komo da sunan Simoun, yana neman fansa da wuta, nan ma bai dace ba. Lalle Rizal bai zaɓa wa mai karatu hanya ba, ƙarfin aikin ke nan. Amma fa da Sifaniyanci ya rubuta, harshen da galibin talakawa ba su ji. Harbinsa da mahukuntan Sifaniya suka yi a Manila cikin 1896 ya riga littattafan isa gare su.