Tsofaffin Waƙoƙi a Memori: Murya Ta Dawo, Amma Ina Amana?



Tun bayan ƙaramar Salla akwai wani memori da ke yawo hannu da hannu a nan Kafanchan. Yaran nan masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa su suka haɗa shi, kuma ba komai a ciki sai tsofaffin waƙoƙi: Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Ibrahim Narambaɗa, Ɗan Maraya Jos, Haruna Uji, Ali Makaho, Barmani Coge da sauransu. Mu ma mun saya. Mun yi mako biyu muna saurare a shago idan ciniki ya lafa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne gardamar da memorin ya tayar a majalisarmu ta bayan Isha'i, wadda ta kai wasu dattawa biyu, abokan juna tun ana shiga jirgin ƙasa zuwa Jos, sun kwana uku ba sa gaisawa. To, abin da ya raba manya irin haka ya cancanci a zauna a duba shi.

Bari mu fara da yabo, don gaskiya yaran sun yi abin a yaba. Wa ya rage da kaset mai aiki a unguwar nan? Daminar Kafanchan ba ta raga wa zaren kaset. Ka ajiye shi a akwati shekara biyu, ka buɗe ka tarar fumfuna ta cinye shi. Waɗanda suka tsira daga danshi, da yawansu sun tafi a wutar da ta ci kasuwa a rikicin 2011. Rikodar ma yanzu in ta lalace sai ka yi yawo kafin ka sami mai gyara. Ba don waɗannan yara ba, da jikokinmu sun tashi ba su taɓa jin yadda kalangu ke amsa wa Shata magana ba. Ranar da muka kunna, wani tsohon direba da ya zo sayayya ya tsaya cik a ƙofar shago har waƙar ta ƙare, ya manta abin da ya kawo shi. Wannan kaɗai ya isa lada.

Amma fa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Aikin yana da aibu guda uku, kuma ba ƙanana ba ne.

Na farko, sunaye. Waƙar da Ɗanƙwairo ya yi wa 'Yandoton Tsafe, a cikin memorin an rubuta mata sunan Narambaɗa. Mai yiwuwa yaron ya ji kotso da 'yan amshi, ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, kusan duk waƙarsa can ta dosa. Ɗanƙwairo kuwa na Maradun ne, ya yi wa Sardauna waƙa, ya yi wa sarakuna da dama, ya rayu har 1991. Akwai kuma waƙoƙi biyu da aka jingina wa Shata waɗanda duk wanda ya saba da shi zai gane mai kwaikwayo ne. Sauran da yawa ko suna babu, sai lamba: ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ba shekara, ba gari, ba sunan wanda aka yi wa waƙar, balle a tuna da makaɗa da 'yan amshin da suka ɗauki rabin nauyin aikin.

Na biyu, yanka da ƙari. Waƙar da muka sani tana cin kusan gefen kaset guda, an datse ta ta koma minti biyar, aka jefar da ɗiyanta na ƙarshe inda mawaƙi ke kiran mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Wata kuma an kwafo ta daga kaset ɗin da zarensa ya saki, murya tana jan ƙafa kamar mai jin barci, ba wanda ya damu ya nemi kwafi mai kyau. Sannan kana cikin sauraro sai ka ji muryar wani yaro ta faɗo tsakiyar waƙa yana tallar shagonsa da lambar waya. Wanda ya fi ba mu haushi shi ne abin da aka yi wa "Karen Mota" ta Ɗan Maraya: an ɗora mata kiɗan fiyano da gangar kwamfuta. Haba jama'a! Kuntigi fa tsirkiya ɗaya gare shi, jikinsa bai wuce gwangwanin kifi da aka rufe da fata ba. Duk daɗin abin yana nan ne: mutum ɗaya, tsirkiya ɗaya, ya riƙe taro guda da magana. Ka lulluɓe wannan da fiyano, kamar ka zuba sukari ne a miyar kuka ka ce ka gyara ta.

Yanzu ga abin da ya haɗa dattawan nan biyu faɗa. Memorin yana ɗauke da Bakandamiyar Shata har kashi biyu, kuma ba su yi daidai da juna ba. Ɗaya ya ce ta farko ce ta asali, don ita ya riƙa ji a Rediyon Kaduna tun yana yaro. Ɗayan ya ce ƙarya ne, ta biyu ce, don ita ce a kaset ɗin da ya saya a Kano da kuɗinsa. Daga nan magana ta bar kan waƙa ta koma kan wa ya girmi wa, da wa ya taɓa ganin Shata ido da ido. Alhali dukansu suna da gaskiya. Shata ba ya rubuta waƙa, kuma ba ya maimaita ta kalma da kalma. Amshi yana nan, amma ɗiyan waƙar suna sauyawa gwargwadon wurin da yake da mutanen da ke gabansa. Wadda ya yi a ɗakin ɗaukar murya daban, wadda ya yi a filin biki daban. Da mai haɗa memorin ya rubuta cewa wannan daga rediyo aka ɗauko, waccan daga wurin biki, da gardamar ta mutu tun ba ta tashi ba.

Mu da muka zauna gaban malamai a Islamiyya, abu na farko da aka koya mana game da kowace magana shi ne a tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji. Ba muna haɗa waƙa da hadisi ba ne, Allah Ya tsare. Amma ɗabi'ar tambayar asalin magana ba ta tsaya a ƙofar makaranta ba. Waɗannan waƙoƙi cike suke da sunayen sarakuna, fatake, direbobi, manoma da matan da suka yi abin faɗa. Ga wasu iyalai, ɗan waƙa guda shi ne kaɗai wurin da sunan kakansu ya rage. In ka yanke shi don memori ya ɗauki waƙa da yawa, ka goge mutum daga tarihi ba ka sani ba.

A majalisar tamu wani matashi ya kawo wata maganar. Ya ce ai Turawa ne ɓarayin, su ke zuwa suna kwashe tsofaffin faya-fayanmu suna sake bugawa suna cin kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya, amma a bi a hankali. A 2001 wani kamfani a Landan mai suna Strut ya fitar da tarin waƙoƙi da ya kira "Nigeria 70", kuma a ciki akwai "Ikon Allah" ta Bala Miller, mutumin Zariya, wanda dattawan da suka zauna Kaduna ba za su manta da shi ba. A 2013 kuma wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake buga kiɗan da Mamman Sani na Yamai ya ɗauka tun 1978 da ƙaramar molon lantarki irin ta ogan. Mutumin yana raye, aka nemo shi, daga baya har ya je ƙasashen Turai yana wasa. Ba za mu rantse a kan aljihun kowa ba. Abin da ido ke gani dai shi ne: sunan mai waƙa yana jikin faifan, shekara tana nan, bayani yana nan, kuma ba a datse komai ba.

Inda muke da ƙorafi a kansu daban ne. Suna zaɓar abin da zai shiga kunnen mutanensu ne, wato mai jita da ganga da za a taka rawa. Waƙar kotso da taushi, wadda duk nauyinta yana cikin kalma da karin magana da kirari, ba ta cika samun shiga ba, tun da mai saye ba ya jin Hausa. Sannan faifan da fam ko dala ake sayensa, bayanin da Turanci, kuma ba zai taɓa zuwa kasuwar Kafanchan ba. Ke nan su sun ɗauki kaɗan sun adana da kyau, mu mun riƙe mai yawa muna wulaƙanta shi. In za mu zagi wani, to laifi tudu ne, mu sauko daga kan namu tukuna.

Aibu na uku shi ne ya fi mana nauyi, don wani lokaci mukan ja mutane salla, kuma an sha kiran mu wurin rabon gado. Ko sisi daga kuɗin memorin nan ba ya isa ga iyalan masu waƙoƙin. Shata ya rasu a Yunin 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya a Yunin 2015. Sun bar magada. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta ce waƙa tana hannun mai ita da magadansa har shekara 70 bayan rasuwarsa. A lissafa: na Shata sai 2069, na Ɗan Maraya sai 2085. Ko babu dokar gwamnati, mu 'yan kasuwa mun san hukuncin wanda ya buɗe rumfar mamaci ya ci gaba da ciniki bai tuntuɓi magada ba. Mun sani yaron da ke tura waƙa ɗan abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, kuma ba shi ya fara ba. Tun zamanin kaset ake kwafa ana sayarwa. Amma daɗewar abu ba ta halatta shi.

Wani zai ce, Malam, kai da ya kamata ka ce a ƙona memorin gaba ɗaya, ka zauna kana gyara masa sunaye? Wannan ita ce gardamar da ta fi kowace zafi, kuma ba a wannan shafi za a yanke ta ba. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun kafin a haifi kakanninmu. Imamu Gazali babi guda ya ware wa maganar sauraro a cikin Ihya'u. Kowa ya bi malamin da ya natsu da shi, kuma kada ya kafirta ɗan'uwansa. Mu dai ba duk abin da ke cikin memorin muke saurare ba. Akwai na giya, akwai na batsa, muna tsallake su, kuma ba ma kunna su gaban yara. Amma wanda ya ce haram ne da wanda ya ce halal ne, ai duk sun yarda cewa jingina wa mutum maganar da bai yi ba ƙarya ce, cin haƙƙin magada kuma zalunci ne.

Akwai kuma abin da ya shafi garinmu musamman, wato zambo. Waƙa irin "Gagarabadau" har yau ana musu a kan wanda aka yi wa ita, kuma masu musun sukan manta cewa duk wanda suka ambata yana da zuriya a raye. Mun fara ganin yara suna yanko ɗan zambo daga tsohuwar waƙa su tura wa wanda suke faɗa da shi, ko su ɗora shi kan hoton wani. Garin da ya ga 1987, ya ga 1999, ya ga 2011, ya san abin da ƙaramar magana ke haifarwa. Muna zaune da Fantsuwam da Bajju da Kaninkon da sauran maƙwabta, kasuwa ɗaya muke ci, kuma dattawansu da yawa sun san Ɗan Maraya kamar yadda muka san shi. Kada abin da muke sauraro tare ya zama abin jifan juna.

To, mene ne abin yi? Ba sai mun jira gwamnati ba. Duk wanda ke da tsohon kaset ko faifan garmaho a ƙarƙashin gado, ya fito da shi kafin damina ta sake zagayowa. A sami yara biyu masu kwamfuta su kwafa shi yadda yake, ba yanka, ba fiyano, ba talla. A sayi littafi mai bango, a zaunar da dattawa, a rubuta sunan mawaƙi, wanda aka yi wa waƙar, inda aka samo kaset ɗin, da shekara in an tuna. Inda aka yi saɓani a rubuta duk maganganun biyu. Kada kuma a tsaya kan manyan sunaye: makaɗan fadar Sarkin Jama'a da na bukukuwan unguwar nan, in akwai mai muryarsu a ajiye, su suka fi kusa da ɓacewa, don babu mai neman su daga waje. In an gama, a kai kwafi Gidan Arewa a Kaduna ko wata jami'a, don kada wuta ɗaya ta sake cinye komai. Masu tura waƙa kuma su haɗa kai su riƙa ware wani abu, ko yaya yake, a nemi hanyar da zai isa ga magada.

Dattawan nan biyu, alhamdu lillahi, sun shirya. Mun roƙe su su zama na farko da za su zauna gaban littafin, tun da abin da ke kansu ya fi abin da ke cikin memorin.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya yafe musu kurakuransu, Ya zaunar da garinmu lafiya. Amin.