Faifai Takwas da Littafi Ɗaya: Wace Waƙa Ke Iya Zaman Kaɗaici?

A ƙasar Ingila akwai wani shiri na gidan rediyon BBC wanda wani mutum mai suna Roy Plomley ya ƙago, aka fara watsa shi ran 29 ga Janairu, 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, har yau kuwa ba a daina ba. Yadda ake yi shi ne, a gayyato wani sananne, ko mawaƙi, ko malami, ko ɗan siyasa, a ce ya ƙaddara jirgin ruwa ya fashe da shi, ruwa ya jefa shi wani tsibiri inda babu kowa, daga shi sai halinsa. To, waɗanne faya-fayan waƙa takwas zai so a ce suna tare da shi? A shekarar 1951 aka ƙara masa littafi ɗaya da abin marmari ɗaya. Ba a bari ya ɓata zaɓinsa a kan Baibul ko ayyukan Shakespeare, don an ce waɗannan suna can suna jiransa, wanda ba Kirista ba kuwa sai a ba shi littafin addininsa. Can ƙarshe kuma a tambaye shi, in ruwa ya taso zai kwashe faya-fayan nan, wanne guda zai ceta?

Na san wani zai ce ina ruwan Bahaushe da tsibiri, mu da teku ke nesa da mu. Gaskiya ne, amma ai mun san halwa, mun san yadda malami kan shiga ɗaki ya rufe ƙofa kwana arba'in, mun kuma san ba kowane littafi yake shiga da shi ba. Ni abin da ya ja hankalina shi ne, wannan wasa na Turawa ma'auni ne na tarke wanda ba mu cika amfani da shi ba. A aji mukan tambayi jigon waƙa da salonta da zubinta da tsarinta, mu ƙirga baitoci, mu fitar da amsa-amo, mu tashi. Ba mu tambayar ko mutum zai iya zama da waƙar nan shekara goma ba ta gundure shi ba. Tsibiri kuwa tuɓe waƙa yake yi. Babu taro, babu maroƙi mai cigiya, babu ubangidan da za a yi wa kallon ko ya ji daɗi, babu mai liƙi, babu malamin da zai ba da maki. Ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi.

Bari in fara da abin da na san zai jawo mini faɗa a ɗakunan kwana. Yawancin waƙoƙin Alhaji Mamman Shata ba za su bi ni ba. Ba raini ba ne. Shata mawaƙin fili ne, waƙarsa da jama'a aka gina ta. Yakan dubi wanda ke gabansa ya saka shi cikin waƙa nan take, ya ambaci garinsa da abokansa da kyautar da ya yi, mutane su ɗauki sowa domin sun san wanda ake nufi. To, ka ɗauke wannan ka kai inda ba wanda ya san Alhaji wane, sai ka tarar rabin waƙar jerin sunaye ne, amshi kuwa layi ɗaya ne ana ta maimaitawa. A dandali maimaicin nan shi ne ƙarfin waƙar, shi ke sa kafaɗa motsi. A kaɗaici, ran farko daɗi, ran ashirin sai ka ji kamar ana sara maka kai. Duk da haka zan ɗauki guda, watau Bakandamiyarsa, don muryar nan da kalangun nan, kuma don mutumin da ya yi wata shida bai ga ɗan Adam ba yana bukatar ya ji wani yana cika baki. Af, wannan ya tuna mini da wata zabiya Bajamushiya, Elisabeth Schwarzkopf, wadda aka gayyata shirin a 1958, ta zaɓi faifai takwas, bakwai duk nata. Turawa suka yi ta tsegumi. Da a nan ne ba wanda zai ɗaga kai, mu da manyan mawaƙanmu kan keɓe waƙa sukutum don yabon kansu, har mu ce ita ce uwar waƙoƙinsu.

Wanda ma'aunin nan ya ɗaukaka shi ne Ibrahim Narambaɗa. Abin mamaki ne kuwa, domin shi makaɗin fada ne, kusan duk rayuwarsa Sarkin Gobir na Isa Amadu ya yi wa kiɗa, sai a zaci in an raba waƙarsa da fada ta mutu. Ba haka abin yake ba. Narambaɗa ba ya dogara ga sunan wanda yake yabo, ga ginin magana yake dogara. Kowane ɗan waƙa nasa yana da kai da gindi: ya kafa magana, ya kawo misali daga daji ko gona ko kogi, ya karkata ya soki abokin gabar sarki da habaicin da ba ya kama suna, sa'an nan ya sauko kan amshi daidai wurin da kotso ke jiransa. 'Yan amshinsa ba maimaici kurum suke yi ba, karɓa suke su ƙarasa masa zance, har ka rasa inda muryarsa ta tsaya tasu ta ɗauka. Irin wannan waƙa ba a gama jin ta. Ka saurare ta sau talatin, a na talatin da ɗaya ka gane ashe kalmar da ka ɗauka yabo ce zambo ce aka yi wa wani. Saboda haka faifai biyu nasa ne: Bakandamiya, da waƙar Dokin Iska, wadda ko ba ka taɓa zuwa sukuwa ba sai ka ga ƙura ta tashi.

Ɗan Anace ma yana da wuri, da waƙarsa ta Shago. Dalilina shi ne labari ne a cikinta, da mutane masu magana, da fargaba. Makaɗin maza ba ya ɓoye wa ɗan dambe cewa mutuwa na nan, zuga shi yake yi ya shiga duk da haka. Wanda ke zaune a bakin ruwa yana duban ko jirgi zai ɓullo ya fi kowa bukatar irin wannan zuga. Sai Ɗanmaraya Jos, wanda Allah ya yi wa rasuwa a 2015. Shi tun asali ba shi da 'yan amshi, daga shi sai kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, watau dai shi ma mutumin tsibiri ne. Waƙarsa ta Karen Mota zan ɗauka, domin ta dawo mini da tasha, da ƙaurin mai, da hayaniyar 'yan kamasho, abubuwan da ba wanda ya san yana son su sai ya rasa su. Waƙoƙin soyayya irin na Haruna Uji da gurminsa kuwa, da gangan na bar su. Mai ciwo ba ya sosa gyambonsa.

A nan ya kamata in tsaya in ce ma'aunin nan yana da son kai. Turawan da suka ƙago shi sun saba mutum ya zauna shi kaɗai a ɗaki ya ɗora faifai ya yi tsit. Kiɗanmu da yawa ba don haka aka yi shi ba. Ɗauki amada ta Barmani Choge. Kiɗan ƙwarya ne na mata a cikin gida ranar biki ko suna, guɗa da shewa da habaicin kishiyoyi duk cikin waƙar suke ko da ba a rera su ba. In ta faɗi jarrabawar tsibiri, ba a nuna ta kasa ba, an dai nuna kifi ba ya tsere a tudu. Haka kiɗan noma na gayya, haka kiɗan 'yan tauri. Abin da tsibiri ke iya gaya mana shi ne wace waƙa ce nauyinta ke cikin kalmominta, wace ce kuma nauyinta ke cikin taron da aka yi ta dominsa. Wannan bambanci kuwa ya kamata ɗalibin adabi ya riƙa yin sa tun kafin ya ɗauki alƙalami, don kada ya rubuce waƙar dandali a takarda, ya ga ta fito ƙwarangwal, ya yanke mata hukuncin rashin fasaha.

Rubutattun waƙoƙi fa? Sa'adu Zungur gwani ne, ba mai musu, amma Arewa Jumhuriya ko Mulukiya gargaɗi ce ga al'umma a kan mulki, mutum ɗaya kuwa ba ya kafa jumhuriya, balle mulukiya. Aƙilu Aliyu zai yi daɗin zama, don wasa da harshensa ba ya ƙarewa. Amma wadda ba ni da shakka a kanta ita ce Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya. Makaho ne ya yi ta, mutumin da ya san zama cikin duhu shi da zuciyarsa, makafi kuma suka yaɗa ta ƙofa ƙofa ba kiɗa ba ganga. Tana zancen duniya da ruɗinta, da mutuwa da kabari, da begen Manzon Allah, cikin Hausa mai sauƙi wadda yaro zai gane, babba kuma ya yi kuka. Sunanta kansa neman buɗi ne bayan ƙunci. In akwai waƙar da aka yi wa wanda ya maƙale a tsibiri, ita ce. Shida ke nan na ƙirga. Sauran biyun na bar su a buɗe, ba na son in cika gurbi don kawai an ce takwas.

To, sai littafi, a nan ne kuma tambayar ta fi ciwo. Alƙur'ani mai girma yana can, wannan ba zance. Amma me za mu ajiye a gurbin Shakespeare? Wane aiki ne na Hausa ya kai a ce ba sai an tambaya ba, kowa da shi zai tafi? Na duba littattafan da gasar 1933 ta haifar. Ruwan Bagaja akwai ban dariya, rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba ya tsufa, sai dai tsakanin azahar da la'asar ka gama shi. Ganɗoki ya fara da ƙarfi, da yaƙin Turawa da kirarin maza, amma da ya bar ƙasar nan ya shiga duniyar aljannu sai linzamin ya kuɓuce wa Bello Kagara. Shaihu Umar ya fi su nutsuwa, ya fi su tsari, amma labarin yaron da aka raba da gida ne, da uwar da ta ƙare ranta wajen nemansa. Wanda ruwa ya raba da nasa ba zai iya karanta shi sau biyu ba.

Magana Jari Ce ce kaɗai ta isa wannan gurbi. Juzu'i uku ne, sun fito tsakanin 1937 da 1939, akwai abin ci a ciki na shekaru. Ban da yawa ma, ku dubi ginin littafi na farko: aku ne ke ba ɗan sarki Musa labari dare bayan dare don ya tsare shi wuri ɗaya, kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Watau aikin da labari ke yi a cikin littafin shi ne ainihin aikin da ake so ya yi a tsibiri, ya riƙe mutum da ransa har gari ya waye. Masu cewa ai Abubakar Imam aro ya yi daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamusawa, gaskiyarsu, sai dai su tuna shi ma Shakespeare daga littattafan tarihi na Holinshed da Plutarch ya kwaso da yawa daga labaransa. Ba inda aka samo zare ake tambaya ba, saƙar ake dubawa. Ga wanda ya karanta Imam da babbar murya, ya san bakin Bahaushe ne ke magana.

Tun da Imam ya shiga kyauta, zaɓina na littafi ɗaya ya faɗa kan ƙamusun Bargery na 1934. Ku yi dariya in kun so. Shafi fiye da dubu ne, kalmomi wajen 39,000, da karin magana, da sunayen itatuwa da tsuntsaye da cututtukan doki, yana kuma nuna wace kalma ce ta Sakkwato, wace ce ta Katsina. Mutumin da ba shi da abokin hira harshensa ne ke fara zubewa, ƙamus kuwa gari ne guda a cikin bango biyu. Ga shi kuma sai da shi zan warware rabin Hausar Narambaɗa. Abin marmari kuwa, huhun goro, in dai masu shirin za su yarda a riƙa sabunta shi.

Saura tambayar ƙarshe, ruwa ya taso, wanne zan ceta? Zuciya ta ce Imfiraji, amma da na yi tunani sai na ga ba ta bukatar ceto. Waƙa ce da aka yi don a haddace, in na yi shekara da ita ta riga ta koma kaina, ko faifan ya nutse zan rera abata a bakin ruwa kamar yadda makafi ke yi. Bakandamiyar Narambaɗa kuwa ba ta yiwuwa da baki ɗaya. Sai da kotso, sai da masu karɓi, sai da muryar tsohon nan da kansa. Ita zan tsunduma in ɗauko.