Matsayin Ɗan Wasa a Manhajar Wasan Kwaikwayo: Darasi Daga Girkawan Dauri

Idan aka nazarci yadda ake koyar da wasan kwaikwayon Hausa a makarantun sakandare, za a tarar an fi mayar da hankali ga jigo da zubi da salo. Ana karanta Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu tamkar ƙagaggun labarai, ba a cika ɗora su bisa dandamali ba. A ganinmu, tushen wannan naƙasu shi ne ƙasƙantaccen kallon da al'umma take yi wa ɗan wasa, inda ake jera shi da ɗan kama da maroƙi.

Girkawan dauri ma sun yi irin wannan taƙaddama. Marubuci Fulutak ya ruwaito cewa Solon, mai tsara dokokin Atina, ya zargi ɗan wasa Tesfis da shara ƙarya a bainar jama'a. Aflatun kuma ya ga ya dace a nisanta masu kwaikwayo daga birnin da ya zayyana. Duk da haka, Atina ta ware kyauta ga gwanin wasan ban tausayi tun wajen shekarar 449 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya har ta tura ɗan wasa Aristodimus jakadanci wurin Sarki Filibus na Masidoniya. Ashe zargi bai hana ta girmama sana'ar ba.

A gari irin Gwagwalada, inda ɗaliban Gbagyi da Bassa suke koyon Hausa tare da 'ya'yan Hausawa, aiwatar da wasa shi ne zai sa harshe ya zauna a baki. Saboda haka muna ba da shawarar manhaja ta ware maki ga aiwatarwa, a kuma fara da tashe, wanda iyaye ba sa ƙyamarsa.