Me Marubucin Nguru Da Gashuwa Zai Karanta?

Ƙagaggun labaran da ke zuwa hannunmu daga ɗaliban yankin Nguru da Gashuwa kusan ciwonsu ɗaya ne. Tauraro ɗan attajiri ne a Kano, tauraruwa kuwa tana karatu a Ingila, sai iyaye su shiga tsakani. Ba mu ƙi jigon soyayya ba. Abin da ke damunmu shi ne, da wuya mai karatu ya ci karo da masunci a dausayin Haɗeja da Nguru, ko fataken kanwa, ko Babade da Bamange suna ciniki da Hausa a kasuwa. Wannan alama ce ta marubucin da bai karanta komai ba sai irin abin da yake kwaikwayo.

Muna ganin a fara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933. Littafin ƙarami ne, amma a lura da yadda aka warware jigon bauta ba tare da kururuwa ba: uwa ta bi sawun ɗanta har cikin hamada, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, marubucin kuma bai tsaya yi mana wa'azi a kanta ba. Wanda ya tashi inda rairayi ke cinye gonaki ya fi kowa cancantar koyon wannan kamewa. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa a karanta shi don zubi, wato yadda gabar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ta ɗaure labarai barkatai wuri guda.

Sai Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, labarin ɗan ƙauyen da birni ya ruɗa. Tun 1930 da layin dogo ya iso Nguru samari ke bin wannan hanya zuwa Kano, amma har yau ba mu ga ɗalibin da ya rubuta tafiyar daga wannan ɓangaren ba. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare (1982) yana da tsawaitawa, mun yarda, sai dai samun tauraro mai ban tsoro kamar Mailoma a adabinmu sai an tona.

Ga masu son rubuta rikicin cikin gida, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990) ya ishe su darasi a kan zancen taurari. A karanta shi da babbar murya, a saurari yadda bakin Rabi ya bambanta da na kishiyarta.