Ƙuri'a, Alƙali da Bindiga

A shekarar 2009 Paul Collier, malami a Jami'ar Oxford ta Ingila, ya fitar da littafinsa Wars, Guns and Votes, wato yaƙi, bindiga da ƙuri'a. Bincikensa ya nuna cewa a ƙasar da samun mutum bai kai dala 2,700 a shekara ba, dimokuraɗiyya takan ƙara tashin hankali. Zaɓe ba tare da kotu mai ƙarfi ba bai cika tsorata mai mulki ba. Mai karanta littafin Annabi Amos ba zai yi mamaki ba.

Maganinsa ne abin dubawa. Ya ce manyan ƙasashe su tsare gwamnatin da ta ci zaɓe da gaskiya daga juyin mulki, mai maguɗi kuwa a bar ta da sojojinta. A Nijar, Tandja ya rushe kotun tsarin mulki a 2009 saboda ta ƙi tazarce, sojoji suka kifar da shi a 2010, suka miƙa mulki a 2011. Nan Collier ya ci. Amma a 2023 sojoji suka tumɓuke Bazoum, zaɓaɓɓe, alhali Faransa da Amurka suna da dakaru a ƙasar. Ba wadda ta maido shi.