Abin da Burauza Ke Faɗa a Bayan Idonka: Bitar Binciken Douglas Leith

A watan Fabrairun 2020 Farfesa Douglas Leith na Kwalejin Trinity da ke Dublin, a ƙasar Ayaland, ya fitar da wata maƙala mai suna “Web Browser Privacy: What Do Browsers Say When They Phone Home?” Tambaya ɗaya ya riƙe: idan mutum ya buɗe burauza don shiga intanet, wane labari take aika wa kamfanin da ya ƙera ta, ba tare da an sa ta ba? Na karanta rubuce-rubuce da dama masu jera burauza daga ta fari zuwa ta ƙarshe, yawancinsu son zuciya ne ko talla. Wannan kuwa aune-aune ne, shi ya sa nake ganin ya cancanci a kawo shi gaban mai karatu a Kafanchan da kewaye.

Burauza shida ya ɗauka: Chrome, Firefox, Safari, Brave, Edge da Yandex. Bai tsaya ga alƙawuran da kamfanoni ke rubutawa ba. Ya girka wata manhaja tsakanin kwamfuta da intanet wadda ke kwance saƙonnin da aka kulle, sannan ya zuba ido. Ya duba abin da ke fita a buɗewar farko, da bayan an rufe an sake buɗewa, da lokacin da aka manna adireshin shafi, da lokacin da aka buga shi harafi-harafi, har da lokacin da aka bar burauzar ba a taɓa ta ba. Wannan na ƙarshe ya fi burge ni. Burauza ɗan aike ce, kuma ba a sanin halin ɗan aike sai an ga wanda yake wa magana sa'ad da ya zaci ba a kallonsa.

Sakamakon ya kasu uku. Brave ce ta fi riƙe sirri, domin a saitin da ta zo da shi bai ga tana aika lambar da za a bi sawun mai ita ba, bai kuma ga tana ba da labarin shafukan da aka ziyarta ba. Chrome da Firefox da Safari suna tsakiya. Edge da Yandex ne a ƙasa, saboda suna aika lambar shaida da ke ɗaure da jikin na'urar kanta, wadda ko an goge burauzar an sake sa ta ba ta canzawa.

Inda maƙalar ta fi amfani ga talaka shi ne bayanin akwatin nan na sama da ake rubuta adireshi. Muna jin daɗi idan muka fara rubutu burauza ta ƙarasa mana. To, kafin ta iya ƙarasawa, sau da yawa sai ta tura abin da muke bugawa zuwa ga injin bincike tun ba mu gama ba. Wadda ta fara rubuta sunan wata cuta da take jin kunyar faɗa, sannan ta fasa ta goge, ta riga ta faɗa. Wanda ya soma neman lauya kan rikicin gona ma haka. Leith ya nuna ana iya kashe wannan a saiti, sai dai mutum nawa ne ke leƙa saiti? Ya kuma bayyana dalilin da ya sa lambar shaida take da haɗari: adireshin da na'ura ke shiga intanet da shi yana canzawa daga gida zuwa makaranta zuwa wurin aiki, amma muddin lambar tana nan, mai karɓar saƙon zai iya haɗa su ya gane mutum ɗaya ne. A yankin da ya sha rikici, inda 'yan jarida da malaman addini da masu sasanci ke riƙe da maganganun da bai kamata su fita ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka akwai gyara, kuma babba ne. Shiga kasuwar Kafanchan, ko ta Zonkwa ko Kwoi, ka karɓi wayar mai sayar da citta ka duba. Tecno ce ko Infinix ko itel, kuma ban da Chrome, abin da za ka tarar shi ne Opera Mini ko Phoenix, wani lokaci UC Browser. Babu ko ɗaya a cikin shidan Leith. Yandex ta Rasha kuwa da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunanta. Mutanenmu suna zaɓar burauza ne don ta rage shan data, kuma suna da hujja. Amma Opera Mini tana yin wannan ragin ne ta hanyar bi da shafuka ta kwamfutocin kamfaninta su matse su kafin su iso waya, wato akwai na uku a tsakani. UC Browser kuma, tun a 2015 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta gano tana fitar da lambobin shaidar waya ba tare da kulle su yadda ya kamata ba. Ba laifin Leith ba ne da bai rubuta don Kudancin Kaduna ba, amma mai karatu a nan ya san cewa rabin amsa ya samu.

Maƙalar kuma ba ta auna yadda burauza ke kare mutum daga masu bin sawu da ke cikin shafukan kansu ba, balle daga shafin damfara mai neman lambar BVN. Jerin ma yana tsufa. Watanni kaɗan bayan fitowarta, a Yunin 2020, aka kama Brave tana cusa lambar kamasho a adireshin wasu shafukan kuɗin kirifto, har shugabanta Brendan Eich ya nemi afuwa. Saboda haka kada kowa ya ɗauki matsayin 2020 kamar hukuncin har abada. Ga masu zuwa shagunan intanet kuwa, mantawa da fita daga akwatin imel a kwamfutar haya ya fi duk wannan saurin cutarwa.

Abin da ba ya tsufa a aikin shi ne hanyarsa. Kayan da ya yi amfani da su ba su fi ƙarfinmu ba: kwamfuta, manhajar kyauta, da haƙuri. Kafanchan kuwa ba baƙuwar irin wannan ba ce. Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loco, wadda aka kafa a 1996, ta shimfiɗa intanet marar waya mai suna ZittNet tun lokacin da garuruwa da yawa ba su san shi ba, ta kuma horar da matasa aikin kwamfuta. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba ɗan ƙasa haƙƙin sanin abin da ake tarawa a kansa, sai dai haƙƙin ba ya aiki sai da shaida a hannu.

Ina kira ga matasan da suka koyi wannan sana'a a garin nan, da ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna reshen Kafanchan da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya: ku nemi maƙalar, kyauta take a intanet, ku maimaita gwajin a kan Opera Mini da Phoenix a wayoyin da iyayenmu ke riƙewa, ku rubuta abin da kuka gani da Hausa, da Tyap, da Jju.